Tayi Ba Saye Ba Ne: Magana Kan Tarukan Jin Ra'ayin Jama'a



Duk sanda aka ce hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a, ko kan hanya ne, ko haraji, ko kuɗin wuta, ko tsarin kasuwa, magana biyu ake ji a Zuba, daga tasha har cikin kasuwar kayan marmari. Wani ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, ai sun riga sun gama, hoto kawai suke nema." Wani kuma, wanda ya daure ya je, bayan wata uku ka ji shi yana cewa, "Mun je, mun ce ba ma so, suka yi abinsu. An yaudare mu." Ka ce masu jayayya ne, amma tushensu ɗaya. Dukansu sun ɗauki taron a matsayin zaɓe. Na farko yana ganin an yi maguɗi tun kafin a kawo akwati, na biyu yana ganin an ƙirga ƙuri'a an sauya sakamako. To, in taron ba zaɓe ba ne, mene ne shi? Kuma me ya hau kan wanda aka kira, me ya hau kan wanda ya yi kiran?

Mu fara da abin da muka fi sani. Tirela ta iso daga Binuwai da lemu, mai kaya ya faɗi kuɗinsa, kai kuma ka taya. Yana iya sallamawa, yana iya cewa albarka. In ya ce albarka ba ka kai ƙara wurin shugabannin kasuwa, don kowa ya san tayi ba saye ba ne. Amma kuma babu ɗan kasuwar da zai ce tayi aikin banza ne. Mutum goma in suka taya ƙasa-ƙasa, mai kaya ya gane yau kasuwa ta cika da lemu, ko bai sallama wa na farko ba zai sauko wa na sha ɗaya. Wanda ya koma gefe ya harɗe hannu yana cewa ai ba za a sayar ba, shi kaɗai ne ba ya cikin cinikin, kuma da yamma a farashin da wasu suka tsayar zai saya.

Sai dai misalin yana da iyaka, kuma a iyakar tasa maganar take. Mai lemu kayansa ne, in ya ce albarka babu mai tambayarsa dalili. Mai mulki kuwa hanyar ba tasa ba ce, kasuwar ba tasa ba ce, kuɗin harajin ma ba nasa ba ne, riƙo aka ba shi. Yana da ikon ya ƙi shawarar wani. Wani lokaci ma dole ne, tunda mai tebur a bakin titi yana son a bar shi inda yake, direban da ya kwana a cunkoso yana son a buɗe hanya, ba yadda za a yi kowa ya samu yadda yake so. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ƙi, sannan ya yi gum. Haƙƙinmu a kansa shi ne ya sanar da mu da wuri, ya saurara da gaske, ya dawo ya ce ga abin da na ɗauka, ga wanda na bari, ga dalili. Haƙƙin lallai sai an yi yadda muka ce ba ya cikin lissafin. Malamai ma sun yi saɓani kan ko shugaba dole ne ya bi rinjayen masu shawara, ko kuwa shawara haska masa hanya take yi, yanke hukunci nasa ne. A yaƙin Uhudu, Manzon Allah (SAW) ya fi son a tsaya cikin Madina, masu son a fita suka yi rinjaye, ya bi su, aka yi shahidai kusan saba'in. Duk da haka ayar da ta umarce shi da yin shawara da su, ta 159 a Suratu Ali Imrana, tana cikin ayoyin da suka sauka kan wannan yaƙin. Ka ga kenan ana iya karɓar shawara sakamako ya zo da ɗaci, kuma ɗacin bai rufe ƙofar shawara ba.

Yana da kyau mu san yadda abin yake tafiya a Majalisar Tarayya, don mu nan Abuja ya fi shafa. Ɗan Kano ko Katsina yana da majalisar jiha. Babban Birnin Tarayya ba shi da ita. Sashe na 299 na tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon yi wa Abuja doka. Sanata ɗaya muke da shi da 'yan majalisar wakilai biyu, Zuba tana cikin mazaɓar Abaji, Gwagwalada, Kuje da Kwali, sai kansilan mazaɓarmu a ƙaramar hukumar Gwagwalada. Ƙudiri in ya tsallake karatu na biyu sai a miƙa shi ga kwamiti, kwamitin ne ke kiran taron jin ra'ayi, ya karɓi takardun jama'a, ya rubuta rahoto. Daga nan a koma zauren majalisa a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ma ta yi nata, a daidaita, sannan a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu ko ya ƙi. Taron da muke magana a kai zango ɗaya ne a wannan doguwar tafiya. Wanda ya zaci ranar taron ake yanke hukunci, ba makawa ya ce an yaudare shi.

Ga masu cewa kullum an riga an gama, mu tuna da ƙudirorin haraji guda huɗu da Shugaba Tinubu ya aika majalisa a watan Oktoba na 2024. A cikinsu an nemi harajin kayan masarufi, wato VAT, ya tashi daga kashi 7.5 zuwa 10, ya ci gaba da hawa har 15 a 2030, kuma kashi 60 na rabon jihohi ya bi inda aka samo harajin. Gwamnonin Arewa suka zauna da sarakuna a Kaduna a ƙarshen watan suka ce ba su yarda da tsarin rabon ba. A watan Fabrairu na 2025 majalisun biyu suka yi zaman jin ra'ayi, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na ƙwadago da na addini suka kai takardunsu. Dokar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 ta bar VAT a kashi 7.5, kashi 60 ɗin nan ya sauko zuwa 30, kuma asusun TETFund da aka so a janye wa kuɗi a hankali aka bar shi. Ba muna cewa dokar ta yi wa kowa daɗi ba, kuma ba muna ruɗin kanmu ba: nauyin gwamnoni ya yi aikin da takardar ɗan tireda ba za ta yi ba. Amma abin da ya shiga majalisa daban, abin da ya fito daban. Da kowa ya ce an riga an gama, da tuni mun shiga biyan kashi 10 ko fiye.

Akwai tambaya ɗaya da ta kamata ta riga kowace magana a irin wannan taro, kuma a tarihin Badar muka same ta. Da rundunar Musulmi ta sauka, Hubabu ɗan Munzir bai fara da cewa wurin bai yi ba. Sai da ya tambaya ko saukar umarni ne daga Allah wanda ba a taɓawa, ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sannan ya kawo shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuwa karɓa. Wato ya fara tantance abin da yake rufe da abin da yake buɗe. Hukuncin gwamnati ba wahayi ba ne, babu wanda ba a iya taɓawa, amma kowane taro yana da abin da aka kawo shi ya duba. In an ce za a faɗaɗa hanya, an ba da kwangila, kuɗi sun fita, injiniyan da aka turo ba shi da ikon soke aikin ko da mun kwana muna ihu. Abin da ke hannunsa shi ne ina za a sa gadar masu tafiya da ƙafa, ina manyan motoci za su juya su shiga kasuwa, ina ruwan kwata zai bi, wane wata za a fara tono. A nan ne mutane ke tafka asara: su ƙarar da awa biyu kan abin da ba ya hannun mutumin, a tashi ba a taɓa abin da ke hannunsa ba, bayan shekara a ga gada inda ba mai tsallakawa, yara kuma suna ratsa titi inda aka saba. In maganarmu ta soke aikin ce gaba ɗaya, tana da wurinta: ofishin minista, majalisa, ko kotu.

Sai batun yawa. Ana zaton wanda ya cika zaure da mutane shi ya yi nasara, shi ya sa za ka ga an yi hayar bas-bas, an buga kwalaye, an raba riguna. Yawa yana da amfaninsa, yana nuna abin ya dami jama'a. Amma akawun kwamiti ba ya iya rubuta ihu a rahoto. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, ya tara Muhajirai suka rabu biyu, ya tara Ansaru suka rabu biyu, ya tara dattawan Ƙuraishawa suka ce a koma. Abdurrahman ɗan Aufu ba ya nan, da ya dawo sai ya zo da abin da ya ji daga bakin Manzo (SAW) game da ƙasar da annoba ta shiga, hankalin kowa ya kwanta. Mutum ɗaya ne, amma da ilimin abin ya zo.

Mu kuwa ilimin me muke da shi? Ba kaɗan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan dako ya san lungun da ruwa ke kwanciya in damina ta yi nisa. Ɗan kamasho ya san ƙarfe nawa motocin Kaduna ke haɗuwa da na Lakwaja su toshe mahaɗa. Mai kankana ya san kwana nawa kaya ke yi kafin su fara ruɓa in mota ta kasa shiga. Mai sayar da kayan gyaran babur ya san rasit nawa yake yanka a wata da sunan hukumomi daban-daban. Wanda ya zana taswira a ofis ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. "Ba mu yarda ba" magana ce, amma "in kuka rufe wannan ƙofa, motoci kaza ne ke sauke kaya a nan kowace safiya, ga rasit ɗinmu, ga inda muke ganin ya fi" hujja ce. Ya zo a hadisi cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka ɗora masa. Amanar tana da fuska biyu: kada ka ɓoye abin da ka sani, kada kuma ka ƙara gishiri. Wanda ya ce rumfuna dubu za su rushe alhali ɗari biyu ne, ranar da aka zo aka ƙirga ya zubar da gaskiyar kowa.

Wani abin da ke hana mutanenmu magana, ba a cika faɗarsa a fili ba, shi ne: "Ni baƙo ne, nema ya kawo ni, ina ruwana da taron masu gari?" Mutum ya shekara ashirin a Zuba, 'ya'yansa nan aka haife su, nan yake biyan kuɗin shago da na shara, amma yana jin bakinsa yana can Funtuwa ko Gusau. Tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, ya kuma hana a nuna masa bambanci don asalinsa. Ba a neman takardar shaidar asali a ƙofar taron jin ra'ayi. Wanda abu zai shafa shi ke da ta cewa.

Amma a nan akwai ladabi da ya kamata mu riƙe. Wannan ƙasa da muke cin abinci a kai tana da masu ita, Koro da Gbagyi da Gwandara da Gade da Bassa da sauransu. A 1975 Janar Murtala ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya nemo wurin sabon babban birni, ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka yi sanarwa, Doka ta 6 ta wannan shekarar ta mayar da ƙasar baki ɗaya hannun Gwamnatin Tarayya. Kwamitin ya zagaya, ya karɓi takardu daga masana da manya, amma manoman da gonakinsu za su zama birni ba da su aka yi zaman ba. Har yau jikokinsu suna kai koke kan diyya da matsuguni a duk zaman gyaran tsarin mulki. Su suka fi kowa sanin zafin a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Don haka in za mu kai takarda kan kasuwa ko hanya, mu fara biyawa ta fadar Mai Martaba Agora na Zuba, mu ji ta bakin masu unguwanni, mu ji ta 'yan uwanmu Ibo da Yarabawa da Tibi da muke kasuwa ɗaya. Takardar da ta fito da sunan Hausawa zalla, cikin sauƙi ake ajiye ta a ce rigimar ƙabilanci ce.

To, in taron da gaske na hoto ne fa? Akwai irinsa, ba ma musu. Alamominsa sanannu ne: a buga sanarwa da Turanci a jaridar da ba ta zuwa tasha, saura kwana biyu, a sa shi a otal cikin gari da ƙarfe goma na safe, lokacin da ɗan kasuwa ba ya iya barin rumfa, manyan baƙi su cinye awa uku da jawabi, a ba jama'a minti ashirin, a tashi a raba kuɗin mota. Wanda ya shirya irin wannan ya ci amana, ko da doka ba ta kama shi ba, domin ya ari sunan shawara ya lulluɓe sanarwa. Duk da haka muna ganin zuwa ya fi ƙin zuwa. Kujerar da ka bari ba ta zama a wofi, wani ne zai hau, kuma a rahoto za a rubuta cewa an tuntuɓi 'yan kasuwar Zuba ba su nuna adawa ba. In ka je da takarda, aka buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka bar abin da lauya ko ɗan jarida ko wani shugaban gobe zai ɗauka. Ranar 10 ga Nuwamba 2012 Majalisar Wakilai ta yi zaman jin ra'ayi a mazaɓu 360 a rana ɗaya kan gyaran tsarin mulki. Mafi yawan mazaɓu suka goyi bayan a sakar wa ƙananan hukumomi kuɗinsu. Majalisun jihohi, waɗanda sai 24 cikin 36 sun amince gyara ke wucewa, suka ƙi wannan sashen, sauran gyaran ma Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu a 2015. Wanda ya halarci zaman yana da dalilin jin haushi. Amma maganar ba ta mutu ba, ta yi ta dawowa, har a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Yadda ake aiwatarwa wata magana ce daban.

Inda ya kamata mutum ya ja hannunsa shi ne wajen sa hannu. Rajistar halarta daban, takardar amincewa daban. A karanta kan takardar kafin a dangwala, wanda bai iya ba ya sa a karanta masa. Kuɗin mota in an bayar don mota ne babu laifi, amma in sharaɗinsa ka sa hannu a kan bayanin bayan taro da ba a karanta maka ba, to shaida ka sayar, kuma mun san matsayin shaidar zur.

Lokaci ma yana cin mutane. Galibi sai an ga jan fenti a bango, ko an ji ƙugin katafila, sannan a fara neman lambar kansila. Ihu bayan hari kenan. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa kafin a fara babban aiki, irin su babbar hanya ko bututun gas, sai an yi rahoto, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kuma takan baje shi kwana 21 na aiki a wurare irin su sakatariyar ƙaramar hukuma don jama'a su duba su yi magana. Rahoton Turanci ne mai kauri, gaskiya ne, amma muna da 'ya'ya a Jami'ar Abuja nan Gwagwalada da Kwalejin Ilimi ta nan Zuba waɗanda za su iya karantawa su taƙaita mana a shafi ɗaya. In kuma an yi taro an yi shiru, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi rahoton, doka ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ba kullum suke amsawa ba, amma wasiƙar kanta shaida ce.

Ma'aunin da muke auna hukuma da shi, da shi za a auna ƙungiyar kasuwa da kwamitin masallaci da na makarantar Islamiyya. In za a ƙara kuɗin ƙungiya, ko a sauya wurin lodi, ko a ɗaga kuɗin makaranta, a faɗa wa mutane gaskiya tun farko: wannan shawara muke nema, wannan kuwa sanarwa ce. Mutane suna iya jure sanarwa, abin da ba sa mantawa shi ne a tara su a ce me kuka gani alhali rasit ɗin sabon kuɗi yana cikin aljihun sakatare. Kuma "shugabanmu ya je a madadinmu" ba ta wadatar sai in ya zauna da mu kafin ya tafi, ya sake zama da mu bayan ya dawo. Sannan mata. Maganar famfo, asibiti, makaranta da hanyar da yara ke bi, su suka fi mu sani, ga masu abinci da masu awara da kwastomominsu ke bakin titin da za a taɓa. A Hudaibiyya shawarar Ummu Salama ce ta warware abin da ya cije. In zaure ɗaya bai dace ba, malaman Islamiyyar matan aure su tattaro nasu ra'ayin a rubuce, ya shiga takardar da za a kai, da sunansu.

Bayan sallar Juma'a ana sanar da ɗaurin aure, da jana'iza, da cigiyar yaro. Babu abin da zai hana a ƙara da sanarwar irin waɗannan taruka: ranar, wurin, ƙarfe nawa, kan me za a yi, da ranar da za a rufe karɓar takarda. Duk wanda ya ji irin wannan sanarwa a rediyo, ko ya gan ta a jarida ko a allon sakatariya a Gwagwalada, ya kawo wa kwamitin masallaci kafin la'asar ɗin Laraba, don ta samu shiga takardar wannan makon.